Kwaro ɗaya ne, ko masu hoto ne suka ruɗe?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Ina haɗa hotunan faɗa-wuta don darasin ɗalibaina, sai na tarar da biyu da aka sa musu suna ɗaya, Utetheisa ornatrix. Na Fulorida fukafukansa na gaba ruwan lemo ne, da farare-fararen layuka masu ɗigon baƙi, na bayan kuma ruwan hoda mai haske. Na Burazil kusan fari ne fat, ɗigon ma sai a gefe-gefe. Don Allah wanne ne na gaskiya? Ba na son in koya wa yara abin da ba shi ba.

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun na gaskiya ne. Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin sa wa halittu sunayen kimiyya, shi kansa ya raba su a 1758, ya kira mai launin bella, mai farin kuma ornatrix, aka daɗe ana tafiya a haka. Daga baya aka gano cewa inda suka haɗu suna barbara, 'ya'yan su fito tsaka-tsaki, shi ya sa aka mayar da su jinsi guda. Mai launi ya fi yawa a gabashin ƙasar Amurka, mai fari kuma daga Meziko zuwa nahiyar Kudancin Amurka. Tsibiran Karebiyan su ma da nasu kamannin.

Bintu:
Ni abin da ya fi burge ni, da rana yake yawo, ba ya ɓuya. Tsutsarsa tana cin Crotalaria, wani tsiro mai guba dangin wake, har cikin kwanson take shiga ta ci 'ya'yan, ta tara gubar a jikinta. Launin nan gargaɗi ne ga masu cinsa. Masanin ƙwari Thomas Eisner ya nuna cewa idan ya faɗa saƙar gizo-gizo, gizon yakan ɗanɗana, ya yanke zaren ya sake shi. Namiji ma yana ba mace gubar wajen barbara, ita kuma ta sa wa ƙwayayenta.

Malam Isiyaku:
Haka ne, Bintu. Sai dai Malama ki kula, akwai ɗan'uwansa Utetheisa pulchella a Afirka, Asiya da kudancin Turai. Shi fari ne mai ɗigon ja da baƙi, kuma jinsi ne daban. Ki riƙa duba inda aka ɗauki hoton kafin ki amince da sunan.

Hauwa'u:
Allah ya saka da alheri. Zan jera su biyun kusa da taswira, yara su fara faɗin abin da suka gani kafin in yi bayani.