MP3 ko dai ƙaramar waya? Ina neman shawara kafin in koma Sabon Gari

Tela daga Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kayan sauti. Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a Zariya, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san aikin zama ne, balle in Sallah ta matso sai ka wuni ka kwana a kan keke, to ni ba na iya aiki shiru, da safe karatun Alƙur'ani nake sawa, in rana ta ɗaga in koma waƙoƙin kalangu da na kotso irin waɗanda muka taso muna ji a gida, da yamma kuma tafsiri. Matsalar dai duk a wayata nake ji, kafin azahar caji ya ƙare, ga wuta ba kullum ake samu ba, kwastoma ya kira ya ji a kashe sai ya ɗauka ɓoye masa nake yi saboda kayansa. Satin da ya wuce ma igiyar iyafis ta maƙale a hannun keke ta fizgo wayar ta faɗi ƙasa gilashin ya tsage, wallahi kuɗin gyaran sai da ya cinye min ladan kaftani biyu.

Shi ne jiya na shiga kasuwar Sabon Gari na ga MP3 iri uku. Akwai 'yar mitsitsiya kamar kwalin ashana mai abin maƙalawa a riga, akwai mai kama da rediyo da sifika a jikinta, sai kuma wata mai sikirin da ake shafawa kamar waya. Kowane mai shago tasa yake yabo, na rasa ta ɗauka na dawo da kuɗina.

Kuma guda biyu nake so, ɗaya tawa ɗaya ta Baba da yake cikin Birni wajen Ƙofar Kuyambana, idonsa ya yi rauni yanzu ba ya iya duba mus'hafi sosai, sauraro ne ya rage masa. Wacce za ta dace da ni, wacce za ta dace da shi? Memori mai gig nawa zai isa?

Mai gyaran waya, unguwar PZ

Wa alaikumus salam maigida. Tun farko cire mai sikirin ɗin shafawa daga lissafi, sikirin shi ne babban mai shan batir a irin waɗannan na'urori, in ka saye ta kamar ka sayi wata wayar ce da ba ta kira, kuma ita ma in ta faɗo daga kan keke gilashi ne zai tsage.

Ta Baba ka ɗauki mai kama da rediyon, amma kafin ka biya ka juya bayanta ka buɗe murfin. In ka ga batirin da ake cirewa ne, irin BL-5C ɗin nan na tsofaffin Nokia ko kuma dogon nan mai kama da na tocila da ake ce wa 18650, to ka samu abin saye, don batir shi ne yake fara mutuwa, kuma waɗannan biyun ko'ina za ka same su a Zariya, ka sai guda biyu ɗaya yana ciki ɗaya yana caji. Wadda batirinta yake like a ciki ranar da ya kumbura sai an kawo mana mun fasa ta, wani lokacin ma ba a samun daidai shi. Ka kuma duba maɓallan su zama manya masu tudu waɗanda yatsa zai gane ba sai an duba ba, in da hali ma ƙarar murɗawa ake yi ba dannawa ba, tsofaffi sun fi sabawa da haka. In Baba yana jin labaran ƙasashen waje a gajeren zango ka tabbatar an rubuta SW a jiki, da yawansu FM kaɗai suke kamawa.

Taka kuwa 'yar ƙaramar mai maƙalawa ita ce daidai. In ka samu ta SanDisk ta asali, Clip Jam, gig 8 ne a cikinta, tana da wajen sa memori, tana da FM, kamfanin ya ce batirinta yana kai awa 18, ka ga wuni biyu kenan na aiki. Ba ta da sifika fa, sai da iyafis, kuma igiyar iyafis ɗin ita ce eriyarta, in ka zare ba za ta kama tasha ba. Ka maƙala ta a aljihun gaba ka zura igiyar ta cikin riga ta fito ta wuya, ba abin da zai kai hannun keke.

Maganar memori ga lissafin a sauƙaƙe. Fayil ɗin MP3 na yau da kullum mai ingancin sauti 128kbps yana cin kusan MB 1 ne duk minti ɗaya, awa ɗaya wajen MB 60 kenan. Gig 8 zai ɗauki sama da awa 130. Tafsirin azumi gaba ɗaya, a ce awa ɗaya da rabi kullum har kwana 30, awa 45 ne, bai kai gig 3 ba. Saboda haka 8 ko 16 ya ishe ku har da saura. Kada ka yarda a liƙa maka 64, yawancin ƙananan na'urorin nan ba sa karanta abin da ya wuce 32, don su tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32 suka sani, shi kuwa 64 da wani tsarin daban mai suna exFAT yake zuwa, sai ka sa ta nuna maka babu kati.

Abin da ya fi damuna shi ne memorin jabu, ba satin da zai wuce ba a kawo min ba. An buga 32 a jiki har da sunan babban kamfani, ka sa a kwamfuta ma ya nuna 32, alhali cikinsa bai wuce 4 ba, za ka yi ta turi yana karɓa, sai ka je gida ka ga na farkon ne kawai suke yi sauran sun lalace. Akwai wani dattijo da ya kawo min nasa, karatun malaminsa ne da ya rasu, ya tara shekara da shekaru, an kwashe masa daga tsohon kati zuwa sabo an goge tsohon, wallahi ban iya dawo masa da ko rabi ba, yana tsaye a gaban teburina ya kasa magana. In ka saya ka sa a gwada maka da manhajar gwajin memori mai suna H2testw a kwamfuta, ko kuma a cika shi taf a buɗe fayil ɗin ƙarshe a ji ko yana yi. Amma in ka sa na gig 8 ka ga ya nuna 7.4 wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta.

Ɗan Kwangila

Ni fa gaskiya ban ga dalilin wannan wahalar ba. Yallaɓai ka sai ƙaramar waya mai maɓalli kawai, tana cin memori, tana da FM, tana da sifika da tocila, batirinta yana kwana biyu uku, kuma ka sa layinka na kwastomomi a ciki shi kenan ka huta da maganar an kira an ji a kashe. Abu ɗaya ya yi maka aiki biyu. Baba ma haka, ga karatu ga kuma in yana son ku ya kira ku. Ni haka nake yi a kan mashin ɗina tun safe har dare.

Ɗaliba a Samaru

Yaya Ɗan Kwangila maganarka tana kan hanya ta wajen kuɗi, amma akwai abin da ƙaramar waya ba ta yi. Ni da MP3 na yi hadda tun ina sakandaren kwana inda aka hana riƙe waya, har yanzu da nake jami'a ita nake ɗauka in zan yi muraja'a, don waya kana tsakiyar aya kira zai shigo ya yanke, ko saƙo, daga duba saƙo ɗaya sai ka ga rabin awa ta tafi.

Yaya mai tambaya, abu biyu za ka gwada a shagon kafin ka ba da kuɗi. Na farko ka sa dogon karatu ka tura shi tsakiya, ka kashe na'urar gaba ɗaya ka sake kunnawa, in ta ci gaba daga inda ta tsaya to madalla, in ta koma farko ka ajiye musu abarsu, don ka yi tunanin Baba yana minti 50 a cikin tafsiri aka kira sallah ya kashe, ya dawo kuma sai ya danne maɓalli yana laluben inda yake, mutumin da ba ya gani sosai. Na biyu akwai maɓallin da aka rubuta A-B, ka danna a farkon aya ka sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaita wannan wajen kaɗai har sai ka ce ya isa. Ga mai hadda wannan ya fi komai, ni da shi na zaunar da ayoyin gado na Suratun Nisa'i da suka daɗe suna kufce min.

Sai wajen turi. Ka ce wa mai turin ya sa lamba a gaban kowace sura, 001, 002 har 114, kada ya rubuta 1, 2, 3 don sai ta jera maka 1, 10, 100 kafin ta zo 2. Wasu ma ba sa bin suna sam, yadda aka tura haka suke bi, saboda haka a tura a jere. Masu kama da rediyon da yawa suna da lambobi 0 zuwa 9 a jiki, in an jera daidai Baba ya danna 36 sai Yasin ta fito, 67 Tabaraka. Ka tambaye shi kuma wace ruwaya yake so, dattawanmu da suka yi allo yawanci Warsh suka taso da ita, masu turi kuwa Hafs suka fi ajiyewa.

Karatun da ake turowa ta WhatsApp a matsayin saƙon murya kuma wani nau'in fayil ne da ake kira opus ba MP3 ba, yawancin na'urorin ba sa buɗe shi sai an juya shi tukuna.

Baban Yara, Wusasa

Allah Ya yi muku albarka yaran nan, kun yi bayani. Mu da kaset muka taso, mai minti 90, kowane gefe 45, in ya cukurkuɗe a sa biro a naɗe shi. Walkman ɗin Sony ta fito a Jafan a 1979, amma kafin ta zo hannun irinmu an daɗe, wanda ya rataya ta a Samaru kuwa kallonsa ake yi. A 2001 Apple suka fito da iPod mai gig 5 suna cewa waƙa 1000 a aljihu, duniya ta ɗauka, a 2022 kuma suka daina yin ta gaba ɗaya saboda waya ta cinye kasuwar. Amma su can ba sa lissafin caji, mu nan muna yi, shi ya sa har gobe abin yana da amfani a wajenmu.

Ɗana tela, abin da nake so in ja hankalinka a kai kunnenka ne. Kana cikin ƙarar keke, wataƙila ga janareton maƙwabci, dole za ka yi ta ƙara sauti ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, kuma a riƙa hutar da kunne. Ina da aboki direba da kunnensa yake ƙugi dare da rana, jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka nemi iyafis mai robar da take toshe kunne, tana rage hayaniyar waje ba sai ka ƙure ƙara ba, in ka tashi sallah ko cin abinci ka cire shi.

Tela daga Tudun Wada

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri, Baba na Wusasa na ji kuma zan kiyaye in sha Allahu. Ɗan Kwangila Baba yana da ƙaramar wayar ai, maɓallanta ne suka yi masa ƙanana, kullum sai ya jira jika ya dawo daga makaranta ya kunna masa.

Na koma kasuwa ranar Asabar, kuɗin bai kai na biyu ba sai na fara da ta Baba. Na yi gwajin da ƙanwata ta Samaru ta faɗa, shaguna biyu na farko duk nasu suka koma farko, a na uku na samu mai ci gaba, batirinta BL-5C, na haɗa da na ajiya da memori gig 16, mai turi ya cika shi muka buɗe na ƙarshe yana yi. Warsh ɗin kuwa sai da muka nema, gaskiyarki.

Bayan la'asar na kai masa yana zaure a kan buzunsa. Na kama yatsansa na ɗora a kan lambobin, na nuna masa 5 ce a tsakiya, na ɗiga mata ɗan gam ya bushe ya yi tudu don ya riƙa lalubawa daga nan. Sau biyu ya kuskure, na uku ya danna 3 da 6 da kansa Yasin ta tashi, sai ya ɗora rediyon a cinyarsa ya rufe ido yana bi a hankali, bai sake ce min komai ba har aka kira magariba. Hajiya ta ce da asuba ma shi ya kunna abarsa ba wanda ya tasa.

Tawa sai bayan Sallah in an biya kuɗin ɗinki. Oga na PZ, cajar wayata mai saurin caji ce, zan iya sa wa rediyon Baba ita ko sai na nemo masa ƙarama daban?