Hades II: in saya ko in haƙura? Waɗanda suka buga ku zo ku faɗa min

Ɗan Fagge

Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawarar waɗanda suka buga da hannunsu nake nema, ba waɗanda suka kalla a YouTube kawai ba. Wata uku ke nan ina tara kuɗi saboda Hades II, gem ɗin da kamfanin Supergiant suka saki cikakkensa ranar 25 ga Satumba 2025, dala 30 ne a Steam, shagon sayen gem na kwamfuta a intanet, da na buga lissafi da canjin da mai sayar min da katin Steam ya ba ni sai na ga ya doshi naira dubu 45, kuma wallahi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a wajena, ɗalibi ne ni. Ban taɓa buga irin gem ɗin nan ba na shiga ƙarƙashin ƙasa ɗaki bayan ɗaki kana kashe dodanni kana kwasar ganima, ni tun tasowata ƙwallo nake bugawa. Laftof ɗina ram 8 ce, babu girafik kad na daban. Ga wani abokina kuma ya dame ni wai in ƙara haƙuri in ƙara kuɗi in sayi Diablo IV, wai shi ne na manya. Ya kuka gani?

Na Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin ka saurari abokin nan naka bari in ba ka labarina da Diablo IV, don har yau abin yana min ciwo. Na saye shi a watan da ya fito, Yunin 2023, dala 70 cif. Dawunlod ɗinsa kaɗai wajen giga 90 ne, sai da na yi kwana huɗu ina tashi tsakar dare saboda datar dare, kuma wannan duk ba komai ba ne, babbar matsalar ita ce gem ɗin ba ya tashi sam sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga ba ka son haɗuwa da kowa sai ka hau sabar su. Gem ne mai kyau fa, ba zan ɓata shi ba, hoton kamar fim, ga yawan abin yi, amma an gina shi ne don mutumin da wutarsa da netwok ɗinsa ba sa motsi. Akwai wani tsari a ciki da suke kira Hardcore, idan jaruminka ya mutu toh ya mutu ke nan har abada, babu dawowa, sai ka fara sabo daga farko. Na yi sama da wata ɗaya ina rainon wani Necromancer, jarumi mai tada matattu su yi masa faɗa, a wannan tsarin, kullum bayan isha'i, ranar nan ina tsakiyar faɗa a cikin wani kogo dodanni sun kewaye ni kawai aka ɗauke wuta, rauta ta mutu, kafin in kunna hotspot a waya in koma ciki shi ke nan, na tarar da sunansa cikin matattu. Na fi minti goma a zaune cikin duhu ban motsa ba. Ko ba Hardcore ba ma, idan netwok ya yi nauyi za ka ga ka danna gudu jarumin ya yi gaba sai a jawo shi baya inda yake. Shi kuwa Hades II da zarar ka sauke, ka sa Steam a offline, ko a ƙauyen da babu sabis kake zai yi. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama.

Bamaraɗe

Gaskiya ce yaya ya faɗa. Mu nan Maraɗi ma haka ne, kuran ya yanke rezo ya tafi tare. Ni na saye shi tun yana gwaji, Mayun 2024, kusan jika 18 na sefa ya ci min a lokacin. Abin da ya burge ni, duk ɗakin da ka shiga yana adana maka inda kake, sau nawa kuran na yankewa ina ciki, in na dawo a bakin ɗakin nan nake samun kaina, ba a maida ni farko ba. Kuma akwai Faransanci a cikin harsunansa, shi ya taimake ni don surutun cikinsa da yawa.

Injiniya

Maganar laftof ɗinka. Mafi ƙarancin abin da suka nema a shafinsu na Steam ram 8 ne da girafik na cikin injin, Intel HD 630, ka duba naka idan ya kai haka ko ya fi toh zai tashi. Girmansa wajen giga 10 ne kawai. Tawa ma babu girafik kad, na rage girman hoto zuwa 720 yana tafiya lafiya, sai dai in dodanni sun cika ɗaki ga tsafi yana ta fashewa ko'ina yakan ɗan ja kaɗan. Ka jona caji lokacin da kake bugawa, a kan batir ƙarfin injin raguwa yake. Sannan ka nemi kontrola ko ta dubu kaɗan ce, da kibod yatsu suna wahala.

Ɗan Fagge

Na duba, UHD 620 aka rubuta a tawa. Akwai matsala?

Injiniya

Tana ɗan ƙasa da 630 kaɗan, ba zan rantse maka ba. Amma ga mafita, Steam suna mayar da kuɗi idan ba ka wuce kwana 14 da saya ba kuma ba ka buga ya kai awa 2 ba. Ka saya, ka sa agogo a waya, ka gwada awa ɗaya da rabi, in yana tsayawa ka nemi kuɗinka. Ni na yi haka da wani gem bara kuma sun dawo min da shi cikin walat ɗina. Ka kula fa, ko ka bar shi a buɗe ka tafi sallah ko cin abinci lokacin yana ƙirguwa, rufe shi za ka yi gaba ɗaya.

Yar Jos

Ni kuma bari in faɗi ɓangaren da ba a faɗa ba, don kada ya saya ya zo yana jin an yaudare shi. Gem ɗin nan mutuwa ce sana'arsa. Za ka shiga, ka ci ɗakuna, ka tara ƙarfi, a kashe ka, a dawo da kai sansani, duk ƙarfin da ka tara a wannan tafiyar ya tafi, sai ɗan abin da ka tsinto na gina kanka a hankali. Haka za ka yi ta yi. Kwana ukun farko na tsane shi, Hecate da ke tsare ƙarshen yanki na farko ta kashe ni ban san adadi ba, da na wuce ta kuma na faɗa hannun Scylla da 'yan waƙarta a Oceanus, yanki na biyu, suna rera waƙa suna dukanka lokaci ɗaya, har na rufe na ce na yi asarar kuɗina. Ƙanwata ce ta nuna min God Mode a cikin saiti, yana rage maka zafin duka da kashi 20, duk mutuwar da ka yi kuma ya ƙara kashi 2 har ya kai 80, kuma ba ya rufe maka komai na labari. Daga nan ne na fara jin daɗinsa, don duk dawowar da ka yi sansani akwai sabuwar hira, mutanen wurin sun san wa ya kashe ka kuma za su yi maka magana a kai, sai ka ga mutuwar ma tana tura labarin gaba. Yanzu na haura awa 60 kuma ban gama ba, hanyoyi biyu ne, ta ƙasa zuwa wajen Chronos, babban abokin gaba, da ta sama zuwa dutsen Olympus, ga makamai 6 kowanne da salon faɗansa. Amma in kai mutum ne mai son ka ci sau ɗaya ka wuce, maimaicin zai gundure ka, wannan gaskiya ce.

Baban Yara

Yaro ban hana ka ba, amma ka san abin da za ka shigo da shi gida. Labarin gaba ɗayansa tatsuniyar Girkawan da ce, allolinsu na ƙarya irin su Zeus da Apollo su ne ke ba ka ƙarfi, yarinyar da kake bugawa da ita, Melinoë, matsafiya ce, akwai tukunyar tsafi a sansani da kake haɗa abubuwa a ciki. Sannan zanen wasu, musamman Aphrodite, babu sutura ta kirki. Ni na saya don ni da yarana mu riƙa bugawa a falo, da na ga haka na cire shi daga kwamfutar gida, kuma awa biyun ta riga ta wuce, kuɗin sun tafi. Da wani ya gaya min tun farko da ban saya ba. Kowa ya san zuciyarsa da gidansa, ni dai na faɗa maka.

Ɗan Fagge

Na gode Baba, wallahi ban san da wannan ba, kuma ƙannena suna yawan zama kusa da ni in ina bugawa. Zan duba da idona.

Na Zango Kumasi

Shawarata daban ce. Tunda ba ka taɓa buga irinsa ba, me zai hana ka fara da Hades na farko, na 2020? Asalin kuɗinsa dala 25 ne amma lokacin rangwamen Steam, na ƙarshen Yuni ko na Disamba, yana faɗowa ƙasa sosai, ni ƙasa da rabin kuɗin na same shi. Ya fi sauƙi ga tsohuwar laftof, kuma labarin na biyun a kansa aka ɗora, Melinoë ƙanwar Zagreus ce jarumin na farko, in ba ka san gidan ba rabin abin da ke taɓa zuciya zai wuce ka. Abin da Baba ya faɗa dai na allolin Girkawa da rashin sutura yana cikin na farkon ma, wannan kam babu bambanci.

Ɗan Fagge

Na dawo da bayani. Jiya na sayi na biyun na sa agogo kamar yadda Injiniya ya ce. A 720 ya tashi, amma da na isa wajen Hecate ta rabu uku tana jifa sai hoton ya fara yankewa, laftof ta yi zafi fanka tana ihu, sau biyu tana kashe ni ba don ban kauce ba sai don abin da na danna bai shiga a kan lokaci ba. Na rufe a awa 1 da minti 25 na nemi a mayar min da kuɗi, sun ce suna dubawa. Gem ɗin ya shiga raina sosai, amma ba da wannan laftof ɗin ba, kuma maganar Baba ma tana raina. In kuɗin sun shigo walat zan bar su a nan har rangwame ya zo in gwada na farkon a ɗakina. Yaya na Kumasi, shi ma God Mode ɗin yana ciki ko sai a na biyu aka sa?

Na Zango Kumasi

Yana ciki, a na farkon ma aka fara shi. Ka sa gem ɗin a jerin abin da kake so, Steam za su turo maka saƙo ranar da farashin ya sauka.