"Buruda" ko akurkin ɗumi? Mu tsayar da magana

Jama'a, ga wata 'yar matsala. Wancan makon na karɓo 'yan tsaki 50 'yan kwana ɗaya, irin waɗanda ake ɗorowa a mota daga Ibadan, karona na farko ke nan da kiwon kajin gidan gona. Mai sayarwa ya ce kada in kuskura in ɗauke su sai na haɗa "buruda" (brooder a Turance), wato wurin da ake ɗumama 'yan tsaki. Na haɗa ɗin, amma da Inna ta leƙo ta ce wannan kuma mene ne, sai bakina ya mutu. Na ce mata buruda ce, ta ce burodi? To, a taimaka mana da sunan da tsohuwa za ta ji ta gane.

Ga abin da na haɗa, don kowa ya san abin da ake nema wa suna. Kwalaye na yanka na zagaye su kamar rijiya, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, a kusurwar wani ɗaki da ba kowa. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, na rufe da tsoffin jaridu na kwana uku don kada su ci ɓuntun a zaton abinci ne. Ƙwan lantarki na rataye a tsakiya, ga kaskon gawayi a gefe saboda an san halin wutarmu. Shi ke nan.

Wasu sun riga sun kawo shawarar suna, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya, ke da kika ce a kira shi makwanci, na ji, amma akwai gyara. Kwanci na ƙwai ne, kwana 21 da kaza ke yi a kai kafin ta ƙyanƙyashe, kuma na'urar da ke wannan aikin tuni ta samu suna: injin ƙyanƙyasa. Abin da muke magana a kai yana farawa ne bayan an fito daga ɓawo, lokacin da uwa ke baza fukafukai 'ya'yanta su shige ƙarƙashi. Bature ya haɗa ayyukan biyu a kalma guda, wato "brooding", mu kuwa mun raba su, bai kamata mu koma mu cakuɗa ba.

Wanda ya ce gidan marayu, Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya. Amma fa ba ka yi ƙarya ba, tsakin da inji ya ƙyanƙyashe bai taɓa ganin uwa ba.

Malam, shawararka ta maɗumama ta fi kowace bin ƙa'ida. Yadda muke da majema da masaƙa da makaranta, haka wurin ɗumamawa zai zama maɗumama, kaskon ko ƙwan wutar kuma ya zama maɗumami, kamar mabuɗi. A littafi ba ta da aibu. Sai dai na gwada ta a gida, ƙanwata ta ce ai ta ɗauka wurin ɗumamen tuwo nake nufi. Maraina kuma da wani ya kawo daga raino, in an rubuta ta sai ka rasa ko masu raino ake nufi ko masu raini.

Abin da na riƙe a maganar Malam shi ne ɗumi. Wannan kalmar dole ta shiga sunan, don ita ce aikin gaba ɗaya. Ɗumi daban, zafi daban. Tsako a makon farko yana son zafi digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, sannan a riƙa ragewa da kamar 3 duk mako, har gashi ya rufe shi wajen mako 4 zuwa 6, ya danganta da ko hunturu ake ko bazara. Ba sai kana da ma'auni ba, su da kansu za su gaya maka. In sun cure a gindin wuta suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse sun manne jikin kwali baki buɗe, zafi ya yi musu yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. Ni daren farko tsoron sanyi ya sa na cika gawayi na toshe taga, da asuba na tarar da uku sun mutu. Tun daga nan sai gawayi ya ruru ya daina hayaƙi a waje nake shigar da shi, tagar kuma a ɗan buɗe take kwana.

Don haka ni dai na tsaya a kan akurkin ɗumi. Kowa ya san akurki, daga Kano har Damagaram, kuma da ka ce na ɗumi an san ba na manyan kaji ba ne. Masu babbar gona da ke ware ɗaki guda, su ce ɗakin ɗumi. Aikin kansa kuma raino ne, rainon 'yan tsaki, ba sai mun ce "burudin" ba.

Na koma na gaya wa Inna akurkin ɗumi ne. Ta ce to ai da ka faɗa tun farko, sannan ta ce in rage wutar nan, ga su can sun fara buɗe baki.