Wai "chenullo" daga ina ta samo asali? Masu sanin harshen Aragon ku taimaka

Dan_Damagaram

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harsuna ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ina Sifen ne, wata shida kenan da na bar Saragosa na hau can sama cikin duwatsun Firinis a yankin Weska, wani dan kauye kusa da Ainsa, ina taya wani dattijo kiwon tumaki. Sifaniyanci dai alhamdulillahi ina ji daidai gwargwado, na san gwiwa rodilla ake ce mata, ko likita haka ya ce min lokacin da na gurde. To amma shi tsohon nan kullum in za mu gangaro daga tudu sai ya dafa kafa ya ce "me fa mal o chenullo", ni da farko na dauka sunan wani ciwo ne irin su sanyin kashi, har ina masa sannu ina tambaya ko ya sha magani, sai da matarsa ta buga gwiwarta tana dariya sannan na gane ashe gwiwar ce kanta. Na tambaye shi wane yare ne wannan ya ce maganar kauye ce kawai, jikarsa kuma da ke karatu a Weska ta ce a'a Aragonanci ne, harshe ne mai zaman kansa. To ni abin da ban gane ba, in dangin Sifaniyanci ne me ya sa chenullo da rodilla ko harafin farko ba su hada ba? Ko aro suka yi wajen wasu?

Malamin_Nahawu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Jikar ce ke da gaskiya, kuma amsar tambayarka tana bakinka ba ka lura ba. Kai da ka yi lakwal a Nijar, yaya ake ce wa gwiwa da Faransanci? Genou ko? To genou da chenullo uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A Latin gwiwa genu ce. Amma talakawan daular Rum suna da wata ɗabi'a ta ƙara wa kalma ɗan wutsiya na ƙanƙantawa, kamar mu ce "'yar gwiwa", sai genu ta koma genuculum, kuma a hankali 'yar ta ture uwar, aka manta ma da cewa ƙanƙantawa ce. Daga genuculum ɗin nan ne Faransanci ya samu genou, Italiyanci ginocchio, Katalan genoll, Fotugis joelho, Aragonanci kuma chenullo. Kowa da yadda bakinsa ya tauna ta.

Yadda Aragonanci ya tauna tasa kuwa ba da ka ba ne, akwai ƙa'ida biyu da za ka riƙa gani ko'ina in ka sa kunne. Ta farko, g ko j na Latin a farkon kalma yana komawa ch, wato daidai c ɗinmu na "ciki", shi ya sa in da Bahaushe ne zai rubuta sai ya sa cenulyo. Mutane su ne chen, ɗan'uwa chirmán, watan Janairu chinero, daskarewar ƙanƙara chelar. A Sifaniyanci kuwa yawancinsu sautin ya ɓace gaba ɗaya: hermano, enero, helar, kuma ka san h ɗin nan ba furta shi ake yi ba. Ta biyu, wutsiyar nan ta -culum tana komawa -llo ko -lla a Aragonanci, a Sifaniyanci kuma ta zama j mai fitowa daga maƙoshi. Kunne orella da oreja, ƙudan zuma abella da abeja, ido güello da ojo.

Yanzu ka ɗauki genuculum ka bi da ita ta injin Sifaniyanci, ka cire g, ka mayar da wutsiyar j, me za ka samu? Hinojo. Kuma wallahi kalmar tana nan, ita ce tsohuwar kalmarsu ta gwiwa, har gobe a rubutun adabi ko na addini za ka ga "de hinojos", wato a durƙushe. Ke nan ba Aragonanci ne ya yi aro ba, Sifaniyanci ne ya saki tsohuwar matarsa ya yi amarya. Rodilla daga rotella take, 'yar ƙaramar ƙafar keke ko amalanke, da can ƙoƙon gwiwa kaɗai ake nufi da ita saboda zagayensa, daga baya ta mamaye gwiwar duka. Ɗaya daga dalilan da masana ke kawowa shi ne akwai wani ganye mai ƙamshi da suke sawa a girki, sunansa a Latin fenuculum, shi ma da ya bi ta bakin mutanen Kastil, yankin da Sifaniyanci ya samo asali, sai ya fito hinojo sak, aka wayi gari gwiwa da ganyen miya sunansu ɗaya. A Aragon wannan karon bai faru ba domin su ba sa yar da f na farkon kalma, ganyen ya zauna fenollo, gwiwa ta zauna chenullo, kowa da gidansa.

Sarkin_Gardama

Malam ni fa duk bayanin nan da ka yi abu daya na gani, genu da gwiwa. G ne a farko, ma'ana daya. Kar dai a ce Rumawan ma wajenmu suka dauka, dama ai an ce Hausa ba dabo ba 😂

Malamin_Nahawu

Haba Sarki, da harafi ɗaya ake ƙulla zumunta ai da gero da goro 'yan ɗaki ɗaya ne. Genu danginta suna can gabas da arewa, Girkanci gony, Sanskrit janu, Farisanci zanu, har da kalmar Ingilishi ta gwiwa mai k ɗin nan da ba a furtawa. Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take, gidanmu ɗaya da Larabci da harsunan Buzaye ta can nesa, ba da Latin ba. Ana gane zumuncin harsuna ne in sauyin sauti yana maimaita kansa a kalmomi da yawa kamar yadda na jera ch da ll a sama, ba kalma ɗaya tilo da ta yi kama ba.

Maman_Ilham

Ni a Lerida nake shekara tara, yarana Katalan suke yi a makaranta kuma genoll suke cewa, yanzu da Malam ya fada na kira babbar na ce ta furta min sai na ji lallai kusan abu daya ne, wasalin karshen ne kawai babu. Kuma kanina kar ka yi mamaki in ka je wani kwarin ka ji an ce chinullo ko chenollo, ko can wajen Benaske kusa da iyakar Katalan su yanke karshen, don kowane kwari da irin bakinsa, na Anso daban na Eco daban na Cistau daban, kamar dai Sakkwatanci da Kananci.

Abin da ya taba min zuciya a labarinka shi ne tsohon da ya ce maganar kauye ce kawai. Haka aka raine su, a makaranta zamanin mulkin kama-karya na Faranko in yaro ya yi irin wannan maganar sai a ce bai iya magana ba, har suka yarda cewa lalataccen Sifaniyanci suke yi. Alhali Aragon masarauta ce tun 1035, da harshen ake rubuta dokoki da takardun fada, sai daga 1412 da gidan sarautar Kastil ya hau gadon mulkin Aragon manya suka fara juya baki, harshen ya dinga ja da baya yana hawa dutse har ya makale a inda kake din nan. Yanzu masu yinsa kullum a gida 'yan dubbai ne kuma galibi tsofaffi, UNESCO ma ta sa shi cikin harsunan da ke fuskantar bacewa. Akwai masu kokari dai tun wajen 1976 da aka kafa kungiyar raya harshen, Consello d'a Fabla Aragonesa, mai hedikwata a Weska, ana koyarwa a wasu makarantu, amma su ma sun dade suna rigima a kan yadda za a rubuta shi, shi ya sa za ka ga ido wani ya rubuta güello wani uello. Ni dai ina kallon yarana da Hausarsu ta fara zama ta "ina wuni lafiya lau" kawai, jikina yana sanyi.

Dan_Damagaram

Kai Allah ya saka da alheri Malam, genou din nan wallahi ko kadan ban kawo ta a raina ba, shekara nawa ina fadinta. Yaya Maman Ilham gaskiyarki ne, da dansa ma Sifaniyanci yake yi, da matarsa da tumaki da karnuka kawai yake juya harshe.

Kuma kun warware min wani rudanin da ban ma tambaya ba. Shi tumaki güellas yake ce musu, ni kuma na taba jin matar ta ce güellos tana nuna idonta, na rasa me ya hada ido da tunkiya. Malam ita ma tunkiyar irin wutsiyar nan ce da ita?

Malamin_Nahawu

Ita ce. Ovis ta zama ovicula, 'yar tunkiya, Sifaniyanci oveja, can wajenku güella. Ido kuma oculus ne. Asalinsu daban, hanya ce ta haɗa su har ya rage wasali ɗaya tsakani, don haka ka kula da bakinka kar wata rana ka je ka ce wa tsohon idanunsa biyu sun ɓata a dutse. Gobe in kun fita ka tambaye shi yadda yake cewa durƙusawa, in ya ce achenullar-se ka dawo ka faɗa min, ina so in ji ko a ƙauyenku da e suke yi ko da i.