Tambaya kan Baturen nan na Holan mai zanen shanu, Paulus Potter

Ɗan Pantami:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin zane ku taimaka. An ba mu aiki a kwaleji mu yi rubutu kan wani mai zane ɗan ƙasar Holan wai shi Paulus Potter, da kuma irin zanen da yake yi a farantin tagulla a buga a takarda. Na sauke hoton babban zanensa na sa ɗin nan a waya, na nuna wa kawuna da ke dillancin shanu a Tike, ya ƙura masa ido can ya ce wannan san bai haɗu ba, gabansa daban bayansa daban, ga shi ba tozo. Toh ni kuma an ce mana mutumin gwani ne wajen zana dabba sak yadda Allah ya halicce ta. Wa zan bi, littafi ko kawu? Sannan shi zanen tagullar yaya ake yinsa, ni ban gane ba sam.

Malamin Zane Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka bi su duka biyun, amma ka gaishe min da kawu domin wlh idonsa ya ga abin da masana suka gani. Maganar tozo kam ba ta cikin lissafi, shanun Turai ba su da tozo irin na bunaji ko rahaji namu, halittarsu ce haka. Amma batun gaba daban baya daban gaskiya ne. Waɗanda suka san shanu sun bi zanen gaɓa gaɓa, suka ce ƙahon na ɗan shekara biyu ne, haƙoran kuma na wanda ya kai shekara uku zuwa huɗu, kafaɗun na ƙosasshen bijimi, ƙugun na ƙaramin sa. Ke nan ba sa ɗaya ya tsayar a gabansa ba, ya daɗe yana bin makiyaya da takarda yana zana wannan yau wancan gobe, da ya koma ɗaki sai ya harhaɗa.

A 1647 ya yi shi, yana ɗan shekara 21 ko 22, tunda a ƙarshen 1625 aka haife shi a garin Enkhuizen. A waya ba za ka gane girmansa ba, faɗinsa ya haura mita 3, tsayinsa ya wuce mita 2, san kusan girmansa na gaske ne. Kuma nan ne abin ya zama abin magana, domin a zamanin irin wannan ƙaton ƙyalle sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran addini ake zanawa a kai, shi kuma yaro ya zo ya cika shi da sa da saniya a kwance da tumaki da wani tsoho jingine da bishiya. Ka zuƙo hoton ka duba da kyau za ka ga ƙudaje na bin bayan san, ga kwaɗo a ƙasa, ga kashin shanu shimfiɗe a gaba bai ɓoye shi ba. Da farko ma san kaɗai ya yi niyya, daga baya aka ɗinka wasu ƙyallaye a gefe ya ƙara sauran. Yanzu yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Sojojin Faransa sun taɓa kwashe shi zuwa Paris a 1795, sai 1815 aka dawo da shi.

Bappa Dukku:
Hhhh ni dai na je na duba, kuma ina bayan dillali. Mu da muka tashi a bayan shanu, sa in ka gan shi tsaye ka san inda nauyinsa ya sauka, wannan ƙafafunsa na baya kamar aro aka yi masa. Amma gsky saniyar da ke kwance ta burge ni, yadda ta naɗe ƙafa da yadda idonta ya yi sanyi irin na mai tuƙa, wanda bai zauna da shanu ba ba zai iya wannan ba. Tambayata ni, me ya haɗa Bature ɗan birni da shanu har haka?

Malamin Zane Bauchi:
Bappa ai Holan ƙasar nono ce. A ƙarni na 17, zamanin Potter, suna ta janye ruwa daga tafkuna da injin iska suna mai da wurin makiyaya, kamar Beemster da aka busar a 1612, ciyawa ta samu, cuku da man shanu suka zama haja, har shanu ake kawo musu daga Denmak a yi kiwon su a sayar. Attajirin Amstadam da ya zuba kuɗi a irin wannan ƙasa in ya rataye hoton saniya mai ƙiba a falonsa arzikinsa yake kallo. Shi ma Potter gado ya yi, babansa Pieter mai zane ne, a hannunsa ya koya.

Akwai wani labari da tsofaffin marubutansu suka kawo, wai an sa shi ya yi wa Gimbiya Amalia van Solms zanen gidan gona, ya yi abinsa tsaf amma ya sa wata saniya tana fitsari a tsakiya, sai aka ce wannan bai dace da ɗakin gimbiya ba aka ƙi karɓa. Zanen yana Rasha yanzu, a gidan tarihi na Hermitage. Mutumin bai daɗe ba fa, tarin fuka ya kashe shi a Amstadam a Janairun 1654 yana da shekara 28, duk da haka ya bar zane wajen 100.

Ummu Hanan:
Ni dai tunatarwa ce, ɗalibai ku riƙa tambayar malamai hukuncin zana abu mai rai kafin ku zurfafa. Allah ya ba da sa'a.

Ɗan Pantami:
Amin Anti, na gode, muna tambaya kam. Malam saura bayanin tagullar dan Allah, shi ne rabin makin.

Malamin Zane Bauchi:
Toh. Farantin tagulla ake samu mai santsi a goge shi tas, a shafe fuskarsa da wani haɗi na kaki da ƙaro wanda asid ba ya ci, galibi a turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi don mai zane ya riƙa ganin layinsa. Sai ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin, ba ƙarfen yake sassaƙa ba, kakin kawai yake kwarzanewa tagulla ta bayyana, shi ya sa hannu ke tafiya sakayau kamar da biro. Daga nan a tsoma farantin cikin asid, asid ɗin ya ci duk inda allura ta bi ya bar inda kaki ya rufe. In ana son wani layi ya fi wani baƙi sai a ciro, a toshe waɗanda suka isa, a mayar ya ƙara ci. An gama sai a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a share saman, a ɗora takarda mai danshi a bi ta cikin injin matsa mai naɗi, takardar ta tsotso tawadar daga ramin.

Amfaninsa shi ne faranti ɗaya zai ba ka kwafi da yawa, wanda ba shi da kuɗin zanen fenti sai ya sayi na takarda, wasu masu zanen ma da su suke koyon yadda ake tsayar da saniya. Potter ya fara tun 1643 da wani na makiyayi da shanunsa, a 1650 ya fitar da jerin guda 8 na shanu, a 1652 guda 5 na dawaki, har da wani tsohon doki da ya rame ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ka nemi waɗannan a shafin intanet na Rijksmuseum, gidan tarihi na Amstadam, kyauta ne, kuma a ganina sun fi babban san nuna gwanintarsa tunda ba launi, layi ne zalla.

Kar dai zumuɗi ya sa ka je ka nemo ruwan batir ka ce za ka gwada a ɗakin kwana, tururinsa kaɗai illa ne. In gwaji kake so ka sami roba mai tauri ka kwarzana da ƙusa mai tsini, ka shafa tawadar masu buga kati, ka share saman, ka ɗora takarda ka danna da bayan cokali. Kuma komai a juye yake fitowa, hagu ya koma dama, in za ka sa sunanka sai ka rubuta shi ta baya.