Soke DMA tana tsakiyar aiki: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Maganata kan soke DMA ce, wato hanyar da na'ura ke jigilar bayanai kai tsaye tsakaninta da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da bi ta CPU ba. Ina son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. An damƙa mini wani tsohon direban Linux (manhajar da ke sarrafa na'ura) da ke kiran dmaengine_terminate_all don tsayar da jigilar, nan take ya saki bafa, wato yankin ƙwaƙwalwar da aka ware wa jigilar. Kwana da kwanaki lafiya lau, sai kwamfuta ta tsaya cak a wurin da babu ruwansa da direban. Ashe umarnin tsayawa aka bayar kawai, na'urar kuwa tana nan tana zuba bayanai cikin ƙwaƙwalwar da aka riga aka bai wa wani.

Na Zango:
Wa alaikumus salam. Abin nan ya sha ni ma. Yanzu dmaengine_terminate_sync nake kira, don shi yana jira har komai ya tsaya. Amma kula, ƙanena: yana iya yin barci, saboda haka ba a kiransa cikin mai amsa katsewa (interrupt handler, aikin da ke amsa kiran gaggawa daga na'ura), ko cikin aikin da ake kira idan jigila ta kammala. A can sai dmaengine_terminate_async, daga baya dmaengine_synchronize, sannan dma_unmap don janye bafar daga hannun na'urar, sannan a saki bafa. Haka abin yake a USB: usb_unlink_urb ba ya jira, usb_kill_urb yana jira.

Ƴar Garin Malam:
Ni a STM32F4 na gani, ƴar ƙaramar kwamfutar da ke kan allon da muka haɗa wa famfon sola na wani lambu a hanyar Mirya. Ka goge EN, alamar kunna jigila, a rajistar DMA_SxCR (wurin saitin DMA a cikin na'urar), ba ta koma 0 nan da nan, sai guntun da ke kan hanya ya ƙarasa. Dole ka yi ta karantawa har ta zama 0 kafin ka taɓa saitin. Daga nan NDTR, ma'aunin adadin bayanan jigilar, zai nuna maka abin da ya rage.

Malamin Sabon Gari:
A Windows, WdfDmaTransactionCancel na aiki ne kawai idan jigilar na jiran layi. Da zarar ta fara, FALSE zai dawo maka, sai ka tsayar da na'urar ta rajistocinta.

Ɗan Birni:
Malam, in na'urar ta ƙi amsawa fa?

Malamin Sabon Gari:
Ta taɓa yi mini haka da wani katin PCIe, irin wanda ake sakawa a cikin kwamfuta. Na kira pci_clear_master don hana katin taɓa ƙwaƙwalwa, na sake tayar da katin. Kafin nan ban saki bafar ba, gara ta zauna a banza da a lalata bayanan mutane. Ka kunna IOMMU, mai gadin da ke tsakanin na'urori da ƙwaƙwalwa, lokacin gwaji, zai kama rubutun da ya ɓace hanya.