Kunkurun shinkafa yana wargajewa kafin yarona ya isa makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye mata. Don Allah ku taimaka min da dabara.

Yarona shekararsa 4, kuma cin abinci ya daɗe yana zame mana daru. Wata uku da suka wuce na fara yi masa abinci da siffar dabbobin tatsuniya, Allah Ya sa abin ya karɓe shi. A gida ba ni da matsala. Malmalar tuwon shinkafa ce bayan kunkuru, yankan karas ƙafafu huɗu, rabin dafaffen ƙwai shi ne kai, miyar taushe a gefe mu ce tafki. Yana ci yana ƙirga ƙafafu, har ya riƙe cewa kaza biyu gare ta, gizo-gizo takwas.

Abincin makaranta ne ya gagare ni. Dafa-duka nake zuba masa, shinkafar kuwa warara take. Nakan danna ta a ƙaramin kofi in kife a cikin kula, amma kafin adaidaita sahu ya kai shi ta watse. Jiya ya dawo da kular ko taɓawa bai yi ba, idonsa jawur, wai kunkurunsa ya mutu. Wallahi har raina na ji.

Na ƙara ruwa, ta caɓe ya ƙi ci. Tsinke kuma ba zan sa ba, ina tsoron ya haɗiye.

Akwai wadda ta taɓa gauraya shinkafar tuwo da ta dafa-duka? Wane awo kika yi? Ko in koma alala ko dankalin Turawa da aka murƙushe, tunda suna riƙe siffa?